Injiniyan da Ya Ce Laifinsa Ne

Ƙarfe bakwai saura kwata yake shigowa. Mai gadi ya ce shi ba ya wahalar da kansa da duba agogo, da ya ji tarin tsohon babur ɗin Injiniya daga kwanar titi sai ya tashi ya zare sakata. Ba ofishinsa yake fara nufa ba. Akwai wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala, mai sanyi kamar cikin firij, inda manyan injunan da ake kira sabar suke gurnani ba hutu, can yake fara leƙawa. Ya tsaya ya saurara, ya ɗora bayan hannunsa a jikin ƙarfe, ya bi ƙananan fitilun nan kore da ido ɗaya bayan ɗaya. In ya gamsu, sai ya rataya jakarsa mai cike da wayoyi da sukundireba, ya hau bene. Kafin mu iso ya zagaya hawa uku, ya zuba wa firinta takarda, ya gyara wayar da ƙafar wani ta fizge jiya. Mu kuwa sai mu zo ƙarfe takwas, mu zauna, mu danna, komai ya buɗe, mu ɗauka haka duniya take.

Kamfaninmu magunguna da kayan asibiti yake rarrabawa, ni kuma ni ce shugabar sashen oda. Shekara goma sha tara ina aiki da wannan bawan Allah, shi kuma ya riga ni da takwas. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ba wanda ya sa ni wannan rubutu, kuma na san in ya gani zai ce, “Hajiya ke nan, aikin ne ya yi miki kaɗan?” To, ya faɗa ɗin. Akwai maganar da ta daɗe tana ci na, gara in amayar da ita tun yana raye yana ji da kunnensa.

Da farko dai bari in faɗi abin da yake yi, don yawancinmu ba mu sani ba. Ni kaina na yi shekaru ina zaton aikinsa kashewa da kunnawa ne. A cikin sabar ɗin nan akwai wani kundi, shi ne rajistar gidan gaba ɗaya. Sunan kowane ma'aikaci yana ciki, sunan kowace kwamfuta ma yana ciki, don ashe su ma kowace da sunanta. Idan ka zauna da safe ka buga kalmar sirrinka, kwamfutarka ce take kai gaisuwa wurin kundin. Sai kundin ya shaida ka, ya kuma shaida kwamfutar da ta kawo ka, sannan a buɗe maka fayiloli da firinta da sauran kayan aiki. Tsakanin kowace kwamfuta da kundin akwai wata kalmar sirri tasu su biyu, wadda kai mai zama a gabanta ba ka ma san da ita ba. Ranar da ta kai kalmar da ba ita ba, to ko kai ne mai kamfanin a waje za ka tsaya. Injiniya ne mai riƙe da wannan kundi, da wayoyin da suke kaiwa gare shi, da haƙurin sauraron mutum ɗari da ashirin da kowannensu ya rantse shi bai taɓa komai ba.

Halinsa ɗaya da kowa ya sani, ba ya gyara ta waya in dai ƙafa za ta iya kai shi. Ka kira shi kana kumfar baki, ya bar ka ka gama, ya ce, “To, ga ni nan.” In ya zo ba ya ture ka daga kujera. Ya tsaya a bayanka, ya ɗora gilashinsa a kan hanci, ya ce, “Yi yadda ka saba yi, in gani.” Sau nawa ya tarar wayar wuta ce kawai ba a jona ba, amma ban taɓa jin ya mayar da wani abin dariya a wurin shan shayi ba. Wani babban jami'inmu, ba zan faɗi ko wane ne ba, ya taɓa tara mutane yana cewa 'yan damfara sun shiga kwamfutarsa sun canza masa kalmar sirri. Injiniya ya zo, ya sunkuya kamar mai duba waya, ya sa ɗan yatsa ya kashe maɓallin manyan baƙaƙe da mutumin ya danne da gwiwar hannu, ya miƙe ya ce, “Ranka ya daɗe, a sake gwadawa.” Ta buɗe. Har yau mutumin yana ba da labarin yadda aka fatattaki 'yan damfara a ofishinsa, Injiniya kuwa in ana labarin sai ya sa kofin shayi a baki.

Mai shara ma tana da nata labarin. Akwai lokacin da kullum da asuba firintar hawa na biyu take mutuwa, ashe ita ce take zare wayar don ta soka injin share kafet. Wani ne da tuni takarda ta isa ofishin ma'aikata. Shi kuwa jan tef ya samo ya naɗe kan wayar, ya sa aka ƙara soket a gefe, ya ce mata, “Iya, mai jan wuyan nan tawa ce, wannan kuma taki.” Shi ke nan maganar ta mutu a nan. Matarsa, wadda take koyarwa a makarantar firamare, ta taɓa ce mini a gida ma haka yake, rediyon da ya mutu tun 'yarsu ta fari tana goye yana nan a kan kabad wai ana bincike.

Amma ba don waɗannan na ɗauki alƙalami ba. Maganar Maman Biyu ce.

Maman Biyu ta yi shekara goma sha ɗaya a sito tana rubuta kayan da suka shigo da waɗanda suka fita. Mijinta direba ne, ciwon baya ya zaunar da shi, 'yan biyunta kuma suna ajin ƙarshe a sakandare. Bara aka samu gurbi a sashena, ta nema, aka ba ta bisa gwajin wata shida. Sharaɗin a fili yake, takardar gargaɗi uku a lokacin gwaji, an sallame ka. Kuma babu komawa sito, don kujerarta ta can an riga an ba wani. Aikinta shi ne ta shigar da odar asibitoci kafin ƙarfe tara, domin motoci su yi lodi su fita. In oda ta makara, mota ta makara, wani asibiti ya wuni yana jiran ledojin ƙarin ruwa da allura.

Watanni huɗun farko lafiya lau. Mace ce mai natsuwa, ba ta da yawan magana, hannunta a kan madannai bai kai na yaran yanzu sauri ba amma ba ta kuskure. A wata na biyar aka tura Injiniya wani sabon reshe ya haɗa musu layin kwamfuta, zai yi sati biyar, aka ce duk mai matsala ya kira masu ba da taimako ta waya a hedikwata. A satin da ya tafi tsiyar ta fara. Ran Litinin Maman Biyu ta buga kalmar sirrinta, kwamfuta ta ƙi, ta fito da wani dogon turanci wai babu yarda tsakaninta da kundi. Aka kira hedikwata, aka yi jiran layi, wani ya bi da ita mataki mataki har aka cire kwamfutar daga kundi aka sake yi mata rajista. Kafin a gama goma ta wuce. Ran Talata lafiya. Ran Laraba ta sake ƙi. Litinin mai zuwa haka, Laraba haka. Kwamfuta tara ce a ɗakin, tata kaɗai take wannan iskanci.

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ina alfahari da cewa ina da ido. Na ɗauko kalanda na dudduba, na ga Litinin da Laraba, Litinin da Laraba, na ce a raina ruwa ba ya tsami banza. Na yanke hukunci cewa akwai abin da take dannawa in za ta tashi, ko kuma tana makara ne a ranakun ta laɓe da kwamfuta. Da manaja ya fara kirana yana tambayar dalilin da motoci suke fita ƙarfe sha ɗaya, ban tsaya wata-wata ba na rubuta takarda ta farko. Bayan sati biyu na rubuta ta biyu. Da na miƙa mata ta karɓa da hannu biyu, ta ce, “To, Hajiya. Zan kiyaye.” Daga ranar ta koma zuwa ƙarfe bakwai, ta sayi ɗan littafi tana rubuta duk maɓallin da ta taɓa. Da yamma sai ta tsaya a gaban kwamfutar tana tsoron kashewa. Na gani da idona, kuma a lokacin abin haushi ya ba ni, ba tausayi ba.

Injiniya ya dawo ran wata Litinin, saura kwana goma sha ɗaya gwajinta ya cika, ya tarar kwamfutar ta sake ƙi. Ya gyara cikin rabin awa. Na bi shi ofishinsa na rufe ƙofa.

Na ce, “Injiniya, rahoto nake so. Layi biyu kawai, cewa matsalar daga mai amfani da kwamfutar ce. In haɗa da takarda ta uku in huta.”

Ya ce, “Hajiya, kin ga abin da ta danna?”

“Ban gani ba, amma ai kwamfuta tara ce a ɗakin.”

“To ni ma ban gani ba. Yaya zan sa hannu a kan abin da ban gani ba? Ba ni zuwa Laraba. In ta sake ƙi, kar wanda ya kira hedikwata, kar wanda ya taɓa ta. A bar mini ita da ciwonta.”

Na fita ina ƙunƙuni. A raina na ce tsufa ya fara kama shi, yana neman ya mayar da ɗan ƙaramin abu binciken 'yan sanda.

Ran Laraba kuwa ta ƙi. Ƙarfe bakwai da rabi yana tsaye a bayan Maman Biyu. Abin da ya fara yi bai shafi kwamfutar ba. Ya ce mata, “Tashi, ƙanwata, je ki ofishina ki zauna a kujerata. Ki shiga da sunanki a tawa, ki tura odarki. Motoci ba za su jira bincikena ba.” Ta tafi, oda ta fita tara saura, karon farko a ranar Laraba cikin sati biyar. Shi kuma ya jawo kujerarta ya zauna da ƙaramar kwamfutarsa a cinya. Ya duba waya, lafiya. Ya duba agogon kwamfutar ko ya saɓa da na sabar, don ya ce wannan ma yana hana shiga, daidai yake. Ya tabbatar tana ganin sabar, sabar tana ganinta. Sannan ya buɗe kundin kansa, ya nemo shafin wannan kwamfuta, ya daɗe yana kallo. Sai ya cire gilashi ya kira ni.

“Hajiya, jiya Talata, ƙarfe biyu da kwata na rana, ina Maman Biyu take?”

Wannan tambaya ba ta yi mini wuyar amsawa ba. Na ce, “Tana nan a kujerar nan. Ina tsaye a kanta ina yi mata faɗa a kan odar wani asibiti.”

“Ta kashe kwamfutar? Ta kira hedikwata?”

“Ina fa! Aiki take yi.”

“To kundi ya ce jiya biyu da kwata an sake yi wa kwamfuta mai wannan suna rajista, an ba ta sabuwar kalmar sirri. In wannan tana gabanki tana aiki, to ba ita aka yi wa ba. Akwai wata mai amsa sunanta a gidan nan.”

Na ce, “Kwamfutar ce take da takwara?”

Bai yi dariya ba. Na lura fuskarsa ta canza, kamar wanda ya tuna ya bar tukunya a wuta. Ya bi sawun rajistar ta jiya, ya ga daga layin sito ta fito. Ya rataya jaka. Na ce ba za a ba ni labari ba, na bi shi.

Mai Sito sa'an Injiniya ne, tare suka tsufa a gidan, kuma kowa ya san shi da abu ɗaya, ba ya yarda a zubar da komai. Kwalin da ya yage, igiyar da ta tsinke, kujera mai ƙafa uku, duk suna da ranarsu a wurinsa. Da ya hango mu ya taso da fara'ar da ta yi yawa.

“A'a! Tsoho, yau kai ne a ƙasarmu? Har da Hajiya? Lafiya dai?”

Injiniya ya ce, “Lafiya ƙalau. Wayoyi na zo gaisarwa.”

Ya wuce bango inda layukan sito suke fitowa, ya ƙirga, ya kama wata shuɗiyar waya da ta bi ta ƙasan kanta, ya dinga bin ta a sunkuye. Mai Sito yana biye da shi yana ta zuba, wai ɓeraye sun yi yawa a wannan lungu, wai akwai ƙura, wai a zo a sha shayi tukuna. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as. Wayar ta kai mu bayan tulin kwalayen safar hannu. Can ga ɗan tebur, an lulluɓe wani abu da tsohon labule. Injiniya ya ɗaga. Tsohuwar kwamfutar Maman Biyu ce ta zamanin da take sito, an goge ta fes, ga wata tsohuwar firintar lamba, mai buga lambobin da ake manna wa kwali, a gefenta.

Mai Sito ya ce, “To, ka gani. Wallahi lafiyarta ƙalau, tsoho. A lungu na gan ta cikin kayan da za a zubar, wata huɗu tana shan ƙura. Sabuwar da kuka ba mu ba ta jituwa da firintar lambar nan, ita kuwa wannan da ka danna sai ta fito. Ranar da kaya suka shigo kawai nake kunna ta.”

Injiniya ya ce, “Talata da Juma'a.”

“Talata da Juma'a. To da na kunna sai ta ce ba ta san ni ba. In kira yaran hedikwata, su gyara mini, in buga lambobina in kashe. Wa na cuta?”

“Me ya sa ba ka kira ni ba?”

“Don ka ƙwace ta?”

A nan tsaye na haɗa lissafin da kaina. Ran Talata a gyara ta sito, kundi ya ba ta sabuwar kalma, ran Laraba ta Maman Biyu ta kai tsohuwar kalma a kore ta. A gyara ta Maman Biyu, ran Juma'a ta sito ta ƙi, a gyara ta, ran Litinin a kori ta Maman Biyu. Masu amsa waya a hedikwata kullum wani ne daban, kowa ya gyara wadda aka kira shi a kanta ya rubuta an gama. Kalandar da na yi ta taƙama da ita gaskiya ta faɗa mini, ni ce na karanta ta a karkace. Na ji kunya ta rufe ni har ban san inda zan sa idona ba.

Washegari manaja ya tara mu a ofishinsa, ni da Injiniya da Mai Sito da Maman Biyu. Ransa a ɓace yake, sati biyar asibitoci suna kiransa. Da ya ji bayani ya juya kan Mai Sito, ya ce wanda ya ɗauki kayan da aka soke ya jona a layin kamfani a ɓoye ba gargaɗi ne hukuncinsa ba. Mai Sito ya yi tsuru-tsuru. Ni kuma, in faɗi gaskiya, sai na ji sanyi a raina, an samu mai laifi kuma ba ni ba ce. Manaja ya ƙara da cewa ita ma Maman Biyu takardunta biyu suna nan, don da ta iya aikinta da ta gano da wuri, zai duba lamarinta daga baya.

Sai Injiniya ya buɗe jakarsa ya zaro wata takarda ya ajiye a kan tebur.

“Ranka ya daɗe, kafin a yanke, a dubi wannan. Takardar soke tsohuwar kwamfutar ce. Wannan sa hannun nawa ne.”

Manaja ya ce, “To, sai me? Ka soke, shi ya ɗauka.”

“Takardar cewa ta yi na goge ta, na raba ta da sunanta. Ban yi ba. Ranar da aka mayar da Maman Biyu sama, yammacin Juma'a ne, ina sauri. Na ba sabuwar kwamfutarta sunan tsohuwar don izininta ya bi ta ba sai na sake shiryawa ba. Tsohuwar kuma na tura ta lungu na ce sai Litinin in goge, na sa hannu tun kafin in yi. Litinin ta zo na manta. Da na goge ta, ko Mai Sito ya jona ta sau ɗari ba abin da zai taɓa na kowa. Shi ya yi rowar zubarwa, a yi masa faɗa. Amma ramin ni na haƙa. Ita kuwa baiwar Allah nan ba ta da hanyar da za ta gano, ko ni sai da na buɗe kundi. Ba ta danna komai ba daidai ba, ko sau ɗaya.”

Ba wanda ya san da wannan takarda, tana can ƙasan fayil ɗinsa, kuma ba mai neman ta har abada. Manaja ya dube shi ya ce, “Injiniya, ka san abin da kake faɗa? Sa hannu a kan aikin da ba a yi ba, dole in rubuta maka. Saura maka shekara ɗaya, fayil ɗinka ko ɗigo babu.”

Ya ce, “Na sani, ranka ya daɗe. A rubuta. A cire nata.”

Haka aka yi. Aka ba Injiniya takardar gargaɗi, ta farko kuma ta ƙarshe a shekara ashirin da bakwai, kuma saboda ita ba zai samu lambar yabon da kamfani yake ba wanda ya gama aiki ba tabo ba. Mai Sito ya sha faɗa ya tsira da aikinsa. A ranar Injiniya ya goge tsohuwar kwamfutar, ya raɗa mata sabon suna, ya yi mata rajista a fili, ya mayar wa Mai Sito abarsa da firintarta, ya ce, “Ga ta nan, yanzu ta halatta, sai ka cire mata labule.” Sannan ya ɗauki sati guda yana bin kwamfutocin gidan ɗaya bayan ɗaya yana gwada sunan kowace da abin da yake cikin kundi, ya kuma rubuta wa hedikwata cewa kar a sake yi wa wata rajista sai an tambayi inda take zaune.

Injiniya, kai ne ka san inda takardar take, kai kaɗai, kuma kai ka kawo ta da hannunka. Kai ne ka ƙi ba ni layi biyun da na nema, alhali ba abin da zai rage ka da su, kuma ni ce abokiyar shan shayinka ba ita ba. Mu da muke da ofis da kujera mai juyawa mun iya gano laifi, amma na wani. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, to ni a kan nawa nake tsaye sati biyar ina leƙen na Maman Biyu. Kai ka sauko daga kan naka ka nuna wa mutane shi. Mai gyara ba a gani ba, na gaishe ka.

Kwanan baya na je ofishin ma'aikata da kaina na roƙi a cire masa takardar kafin ya tafi, har sun ce za su duba. Da labari ya kai masa ya hau bene ya same ni. Ya ce, “Hajiya, bar ta. Wanda zai gaje ni zai buɗe fayil ɗin nan. Gara ya karanta ya san abin da sa hannun yammacin Juma'a yake jawowa.” Na ce masa taurin kansa ya fi na tsohon babur ɗinsa, ya ce babur ɗin ai a wurinsa ya koya.

An tabbatar wa Maman Biyu da aikinta ran da gwajin ya cika. Takardun nan biyu ni na rubuta su, don haka na ce ni zan zare su. Na kai mata har teburinta, a gaban mutanen ɗakin, don a gabansu na ba ta. Na ce ta yafe mini. Ta karɓi takardun, ta ce, “Hajiya, ba komai, wallahi na yafe. Ni abin da ya fi damuna ba korar ba ce. Ni ma na riga na yarda ni ce. Har na ce wa maigidana ƙila kaina ne bai kai aikin ofis ba, in haƙura. Da Baba Injiniya ya ce ban danna komai ba daidai ba, sai da na shiga bayi na yi kuka.”

Wannan ne abin da ka gyara, Injiniya, ba kwamfuta ba. Matar da ta yi shekara goma sha ɗaya tana aiki ba kuskure, ni na sa ta fara shakkar hankalinta, kai ka mayar mata da shi. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya sa 'ya'yanka su samu mai tsaya musu ranar da ba ka kusa.

Ku kuma da kuke karantawa, musamman masu mutane a ƙarƙashinsu, ba na ce ku koyi haɗa waya ba. In abu ya lalace kuma kun san da hannunku a ciki, ku buɗe baki tun kafin a shafa wa wanda ba shi da bakin kare kansa. Ni ban yi ba, sai da wani ya yi a gabana. Har yau in na wuce teburin Maman Biyu ta ɗago ta gaishe ni da fara'a, sai na ji nauyin gaisuwar.